Kwandon Baƙi Ya Fi Saurin Cika

San Francisco, 10 ga Nuwamba, 1985

Ƙanwata Casilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Leoncio da 'yarku Yelba. Yaya ƙafar Mama? Ni dai lafiya lau, in ban da tarin da sanyin garin nan ke sa ni duk shekara, da hannuwa da suka tsattsage saboda wankin kwanukan otal.

Takardarki ta watan Satumba na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Maganar hanya ce ta hana ni sukuni. Kin ce tun da aka kashe direban ƙungiyarku ta manoma, Leoncio ne ke tuƙa motar kofi daga Santa Rufina zuwa Jinotega, kuma duk ranar da ya fita ba kya iya haɗiyar abinci sai kin ji ƙarar inji a kan tudu. Shekara bakwai rabona da hanyar nan, amma ina tuna gangaren rafi inda dole mota ta rage gudu.

To ga abin da muka iya. Kwamitinmu na goyon bayan Nicaragua ya tara mutum goma sha ɗaya, duk 'yan ƙasar nan, za su zo su taya ku tsinkar kofi mako takwas, daga tsakiyar Disamba zuwa goma ga Fabrairu. Dabarar ita ce, 'yan tawayen Kontara masu tare muku hanya, da kuɗin gwamnatin nan suke sayen harsashi. Ba za su so a ce sun kashe Ba'amurke ba, don ranar da gawarsa ta sauka a filin jirgi ranar za a tsuke musu bakin aljihu. Suna da kunnuwa a ko'ina, za su ji cewa baƙi sun zo. Duk fitar da Leoncio zai yi, mutum ɗaya zai zauna a gaba kusa da shi.

Shugabarsu wata dattijuwa ce, Lorraine, tsohuwar malamar makaranta. Sau huɗu 'yan sanda suna kama ta a zanga-zanga, kuma kowane karo da saƙarta take zuwa don kada zaman ofishinsu ya tafi a banza.

Ki riƙa rubuto mini. Ban gaya miki ba, ina juya takardunki zuwa Turanci ina karantawa a coci-coci. Mutanen nan in ka ba su adadin gawa sai su gyaɗa kai kawai, amma da na karanta yadda kike jiran ƙarar mota, wata mata fita ta yi tana kuka.

Yayanki,
Remigio

Santa Rufina, 28 ga Disamba, 1985

Yaya Remigio,

Mun ga takardarka, mun gode, duk muna lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi da man da ka aiko. Ta ce in gaya maka ka yi aure ko tarin ya rabu da kai. Takalmin Yelba ya yi mata yawa, mun cusa tsumma a gaba, tana ta taƙama da shi.

Ashe a coci ake karanta ni ban sani ba. Da ka faɗa tun farko ai da na rage zagin farashin sabulu. Yau sai da na wanke hannu kafin in ɗauki alƙalami, kuma ina gaida jama'ar coci da kyau.

Baƙinka sun iso ran sha shida, sun sauko daga mota jajaye kamar kofin da suka zo tsinka. Sunan shugabar ya gagari bakinmu, mun mayar da ita Doña Lorena, ta ce ya fi na ainihin daɗi. Shinkafa da wake muke ba su safe da rana da yamma, ita kuwa kullum sai ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba. Leoncio ya ce mata, "Doña, ko dai yunwa ake yi a ƙasar taku aka ɓoye mana?" Ta yi dariya har ta ƙware.

Ita ce ta ɗauki kujerar gaban mota, ta hana kowa. Tana zaune da zarenta kore tana saƙa wa Leoncio hula, motar na jijjiga ta, tana auna kansa da tafin hannu yana tuƙi. Shi kuma sai ya leƙo ta taga ya ce wa 'yan uwansa, "Ku matsa, minista zai wuce da dogarinsa." Yaya, tun da suka zo ba mu ji harbi ba ko sau ɗaya. Jiya ya fita da mota na zauna na cinye abincina tas, sai daga baya na tuna ban saurari tudu ba. Wannan kai ka yi mana shi, Allah ya saka maka.

Batun aiki kuwa sai godiya. Da sassafe suke ɗaura kwando a ƙugu, ba ƙorafi, ga ƙaiƙayin tururuwa ga santsi. Kwandonsu ya fi namu saurin cika. Kafin in cika ɗaya Doña Lorena ta juye biyu, kuma reshen da ta bi ba za ka ga ko ƙwaya ɗaya a jikinsa ba. Kai da ka tashi a gonar kofi ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Wani ɗan jarida da ya kwana biyu a nan zai wuce ƙasarku, shi na ba takardar.

Ƙanwarka,
Casilda

San Francisco, 8 ga Janairu, 1986

Casilda,

Ina gaida ku duka. Tarin ya yi sauƙi, ki gaya wa Mama ba aure ne ya warkar da shi ba.

Takardarki ta yi aiki. Coci uku na karanta ta, maganar minista da dogarinsa har limamin cocin ya share hawayen dariya. Rabon da in yi farin ciki irin wannan tun ina gida.

Ga wani sauyi. Majalisar ƙasar nan za ta kaɗa ƙuri'a kan ƙara wa 'yan Kontara kuɗin makamai, kuma kwamiti yana son waɗanda suka gani da idonsu su dawo su zaga gari-gari kafin ranar. An tambaye ni ko girbinku zai iya ƙarewa ba tare da su ba. Na fito da takardarki na karanta musu inda kika ce kwandonsu ya ninka naku. Na ce a wannan saurin, kafin ashirin ga wata kun gama, mota ta huta. Saboda haka an buga waya ofishinmu na babban birni, Managua, cewa su taso ran ashirin da biyar maimakon goma ga Fabrairu. In aka hana kuɗin, ba Santa Rufina kaɗai ba, duk ƙasar ce za ta huta.

Ban sami mai tafiya ba, ta gidan waya zan aiko wannan.

Remigio

Santa Rufina, 15 ga Janairu, 1986

Yaya,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Wannan ba ta coci ba ce. Kada ka karanta wa kowa.

Jiya saƙo ya zo daga Managua wai baƙi su koma ran ashirin da biyar, wai an ce girbinmu ya kusa ƙarewa. Wa ya ce? Ina tsoron kai ne, kuma ina tsoron daga takardata ka ɗauko.

Remigio, wankin kwano ya wanke maka kai ne? Ka manta ranar da Baba ya murɗe maka kunne a gonar Don Eusebio? Kofi ba ya nuna lokaci guda. Ja ake tsinka ɗaya-ɗaya, a bar kore, a dawo masa bayan mako biyu. Wanda kwandonsa ke cika da sauri tatsa yake yi. Baƙinka kama reshe suke yi daga gindi su zuge shi har ƙarshe, ja da kore da ganye, har da idon da zai yi fure baɗi. In sun juye sun tafi wanka, sai mu mata mu zauna a bayan sito muna tsince kore daga ja don kada su gani. Rabin hannayenmu can suke ƙarewa. Gangaren sama ko taɓa shi ba mu yi ba, aƙalla akwai sauran mako huɗu. Na rubuta yadda na rubuta ne saboda ka ce abokan Doña Lorena na saurare, na zaci kai za ka gane ka yi dariya kai kaɗai.

Za ka ce me ya hana mu gaya musu. Ranar farko na buɗe baki, Leoncio ya take mini ƙafa. Da muka keɓe ya ce, "Mace ta baro gidanta da tsufanta, tana kwana a kan katako saboda mu, ki ce mata ba ta iya ba? Ai ba tsinka suka zo yi ba, Childa, zama suka zo yi. Ƙyale su su tatsa." Na ƙyale. Da kwana ɗaya ya zama mako uku kuma, kunyar faɗa ta ninku.

Yau da rana ina zuba abinci Doña Lorena ta zo ta zauna gabansa da takardar Managua. Ta ce, "Don Leoncio, ka gaya mini gaskiya. In kuna bukatarmu, ni ba inda za ni." Ya cire hularsa ta kaba ya ce, "Doña, aiki ya ƙare, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Je ki gaya wa majalisarku abin da kika gani, shi ya fi." Ta juyo ta dube ni, ina riƙe da ludayi. Murmushi na yi mata, Yaya. Har yanzu ina jin haushin fuskata.

Da ta tashi na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Ta ce za ta zauna." Ya ce, "Baƙo raɓa ne. Yau ko gobe tafiya zai yi. Kuma ni ba zan dubi tsohuwa in ce zauna ki tare mini nakiya ba. Da kanta ta zo na gode, amma roƙo ban iya ba." Na ce to ni na iya. Ya ce in na yi, na zubar masa da mutunci a gaban baƙi.

Shi ya sa nake roƙon ka, tunda kai ba baƙo ba ne. Ka buga waya Managua a bar mana ko mutum biyu har mu gama. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo, gudawa ta kama shi, jibi za a kai shi jirgi. Shi zan ba.

Casilda

Ƙari, 25 ga wata. Mama ta dafa wa dogon ganyen gwaiba, ya warke, ya ce ba zai tafi ya bar 'yan uwansa ba. Takardar nan kwana goma tana aljihuna. Na ba Leoncio saƙo ya buga maka waya daga Jinotega, ya dawo ya ce layi ya lalace, ban yarda ba. Yanzu suna ɗora kaya a mota, kuma ba hannun da ya rage sai na Doña Lorena. Ta gama hular, ya sa, ta yi masa ɗan yawa. Na ga ta sa takardar a jakar saƙarta, ta ce hannu da hannu za ta ba ka. Ba ta san abin da ta ɗauka ba.

San Francisco, 2 ga Fabrairu, 1986

Casilda,

Allah ya sa kuna lafiya. Lorraine da kanta ta kawo mini takardarki har bayan otal, rana ta ƙona ta, tana ta ba ni labarin Mama da Yelba. A tsaye na karanta, a gaban kwanuka. Ta ce lafiya? Na ce lafiya.

Ni ne. Na karanta layin nan na saurin cikar kwando a coci uku ban ji abin da yake cewa ba, saboda abin da nake son ji na ji. Ban manta kunnen da Baba ya murɗe ba, amma ban tuna shi ranar da ya kamata ba.

Na sami mata da miji da suka yarda su zo, sai dai takardunsu ba za su fito ba kafin ashirin ga wata. Ki gaya wa Leoncio ya ajiye motar nan. Kofin ya ruɓe, a yi asara, ni zan tsaya gaban ƙungiyarku in ce laifina ne. In bai ji ba ki ɓoye makullin.

Remigio

San Francisco, 9 ga Maris, 1986

Ƙanwata,

Ina gaida ku. Mako biyar ke nan ba amsa. Mutum biyun sun isa Managua, an ce musu hanyarku a rufe take, aka tura su wani wuri. Ba wanda ya gaya mini dalilin rufewar.

In fushi kike yi da ni kin yi daidai. Ki zage ni a takarda, ki cika shafi biyu, ba zan ce komai ba. Amma ki rubuto.

Remigio

Santa Rufina, 21 ga Maris, 1986

Yaya Remigio,

Mama tana lafiya, Yelba tana lafiya, ni ma ina tsaye. Takardunka uku rana ɗaya suka iso, shekaranjiya. Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba.

Leoncio ya rasu ran Alhamis, shida ga Fabrairu.

Ka ce ya ajiye mota. Ka san kofin da aka ɓare ba ya jira, in ya kwana biyu a jiƙe ya yi tsami, kuma gumin gida talatin ne a ciki. Bayan tafiyar baƙi sau biyar ya sauka ya dawo lafiya, har ya fara tsokanata cewa ashe dogarin nasa don ado ne. A karo na shida ya sa korar hularsa, ya leƙa tukunya ya ce, "Childa, ajiye mini ƙanzon, kada Yelba ta riga ni." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ina gangaren sama da kwando a ƙugu, wajen ƙarfe goma na safe, muka ji ƙarar. Ƙarar fashewa ce, ba ta inji ba. Matan duk suka juyo suna kallona, ni kuma na ci gaba da tsinka, na tsinki wajen ƙwaya goma kafin in kwance kwandon. A gangaren rafi ne, inda ka ce. Shi kaɗai ne a motar. Ba su bari na gan shi ba, hular suka kawo mini.

Mun gama girbi ran sha huɗu, a kan alfadarai aka fitar da sauran ta hanyar daji. Na yi kuka har na gaji. Abin da ya rage yanzu haushi ne, kuma ban san inda zan ajiye shi ba. Wata rana kai nake jin haushi, wata rana shi da mutuncinsa, mafi yawa ni da murmushina. Da sun zauna har goma ga wata kamar yadda aka shirya, ranar nan Doña Lorena tana kujerar gaba. Ko da sun ɗaga ƙafa, ko da ita ma ta tafi tare da shi, ban sani ba. Shi dai wannan na biyun yake gudu.

Ƙanzon yana nan har washegari, Mama ce ta ɗauke tukunyar.

Casilda

San Francisco, 13 ga Afrilu, 1986

Casilda,

Allah ya jiƙan Leoncio, ya ba ku haƙuri ke da Yelba. Na zauna sau huɗu zan rubuta, ban sami abin da ya fi wannan ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙuri'ar farko an hana kuɗin da ƙyar, amma sun ce za su sake kawo ta. Mutanenmu sun yi murna, ni ban je ba. Na daina karanta takardunki a ko'ina, ba ni da bakin yi.

Na gaya wa kwamiti rasuwar. Lorraine ta zo wurina washegari idonta a kumbure. Abu ɗaya take ta maimaitawa: "Ya ce mini aiki ya ƙare." Ban gaya mata maganar tatsa ba, ban gaya mata abin da ta ɗauko a jakarta ba. Ta ce za ta dawo wurinku a Disamba, ko kwamiti ya yarda ko bai yarda ba. Me zan ce mata? Abin da kika ce shi zan yi.

Yayanki,
Remigio

Santa Rufina, 18 ga Mayu, 1986

Yaya,

Mun gode da ta'aziyya. Mama ƙafar ta dawo mata da damina. Yelba ta koma makaranta, takalmin ya fara yi mata daidai. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini, sauran a bar wa Allah.

Ruwan farko ya sauka makon jiya, kofi ya yi fure. Ka tuna yadda dutsen ke yin fari fat, ƙamshi har cikin ɗaki. Na fita da safe na tsaya a bayan sito. Ko'ina fari, sai layukan da baƙi suka bi, su kore ne kawai da fure jefi-jefi. Layin Doña Lorena ya fi kowanne tsiraici, don ta fi kowa ƙwazo. Na bi shi daga farko har ƙarshe ina taɓa rassan, ina tuna ta da hularta mai faɗi tana waƙa da Sifaniyancinta na littafi. Ban ji haushinta ba ko kaɗan, kewarta na ji.

Ka koma coci ka karanta. Ka karanta duka, har wadda na ce ba ta coci ba ce, kada ka gyara ko layi ɗaya don a ji daɗi. Jin daɗin da muka yi ta ba juna ya isa haka. Amma ka gaya musu kunyarmu ba ita ta binne nakiya a rafi ba. Wani ne ya binne ta, wani kuma ya biya kuɗinta, kuma wanda ya biya a ƙasarsu yake. Su je su tare shi kafin ƙuri'a ta biyu.

Kafin ka karanta wa kowa, ka fara zuwa gidan Doña Lorena ka karanta mata ita kaɗai. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi. Mun yi mata kara irin ta baƙo, alhali matar da ta zauna a kujerar nan mako shida ta wuce baƙuwa.

An ce ƙungiya za ta sami wata motar kafin girbi, ƙanen Leoncio ne zai tuƙa, matarsa na da ciki. Ka ce mata ta zo a Disamba, ta taho da saƙarta. Ranar farko zan kama hannunta in nuna mata: ja kaɗai, ɗaya-ɗaya, a bar kore. In kuma ta sake dubana ta tambaya ko ta zauna, zan ce ta zauna.

Ƙanwarka,
Casilda